Tsofaffin Waƙoƙin Amurka da Cinikin Tuna Baya

A watan Disamba na 2020 Bob Dylan ya sayar wa kamfanin Universal haƙƙin mallakar waƙoƙin da ya rubuta, sama da 600, a kan kuɗin da jaridun Amurka suka ce ya haura dala miliyan 300. Shekara na zagayowa Bruce Springsteen ya miƙa wa Sony nasa, aka ce wajen dala miliyan 500 ya karɓa. Masu zuba irin wannan dukiya ba son waƙa ne ya ɗebe su ba, lissafi suka buga. Masu bin diddigin kasuwar kiɗa a Amurka sun ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da jama'a ke saurara waƙoƙi ne da suka kwana biyu, ko da yake a ma'auninsu duk waƙar da ta wuce wata 18 da fitowa ta shiga sahun tsofaffi. Faifan garmaho ma, wanda kowa ya ɗauka ya bi kakanni, a 2022 ya fi faifan CD fita a kasuwar ƙasar, abin da rabon da a gani tun 1987.

Tare da waƙar akwai hoton da ake haɗa wa mai saye da shi: samari cikin doguwar mota mai sheƙi, shagon shan lemo da akwatin kiɗa a kusurwa wanda ake jefa wa sulalla ya rera, uba da aiki a masana'anta, uwa a gida, kowa cikin rufin asiri. Wannan hoto ya zagaya duniya har waɗanda ba su taɓa taka Amurka ba suna kewarsa. Amma duk wanda ya bi tarihin kiɗan ƙasar zai tarar cewa kewar jiya ba wani ciwo ba ne da ya kama shi da tsufa. Da ita aka buɗe shagon tun ranar farko. Kuma a kowane zamani, wanda takardar mallaka ke hannunsa shi ke zaɓar wace jiya za a tuna, wa za a bari a cikinta, wa za a share.

Nishaɗin da ya fara game Amurka kaf, tun wajen 1830, wasa ne da fararen fata ke shafa baƙin toka a fuska, su hau dandamali suna kwaikwayon magana da rawar bayi. Wani Thomas Rice ya yi suna da wasan wani gurgun bawa da ya kira Jim Crow, sunan da daga baya aka laƙaba wa dokokin wariyar launin fata na kudancin ƙasar. Kayan kiɗan da suke riƙewa shi ne banjo, wanda bayi suka ƙera daga abin da suka sani a Afirka ta Yamma, ƙwarya da fata da tsirkiya, dangin su gurmi da molo. A cikin wannan kasuwa Stephen Foster ya tashi, mutumin da ake kira uban waƙar Amurka. Ɗan jihar Pennsylvania ne, a arewa. A 1851 ya rubuta waƙar da ya sa a bakin wani tsohon bawa, yana kukan kewar gandun da ya baro a bakin kogin Suwannee na Florida. Foster bai taɓa ganin kogin ba, a taswira ya tsinci sunan saboda ya dace da amon waƙar. Florida ta ɗauke ta a matsayin waƙar jiha a 1935, sai a 2008 aka gyara baitocin da ke begen gandu. Waƙar Dixie ma, wadda jihohin kudu masu kare bauta suka mayar taken yaƙinsu, ɗan Ohio ne ya fito da ita a dandamalin Niyok a 1859, kuma ita ma bawa aka sa yana begen ƙasar auduga.

Wato tun bayi na cikin gandu ana sayar wa mutanen birni waƙar daɗin gandu. Frederick Douglass, wanda ya gudo daga bauta, ya rubuta a 1845 cewa mamaki yake idan ya ji 'yan arewa na kafa hujja da waƙar bayi a kan wai suna cikin jin daɗi, alhali bawa ya fi waƙa a lokacin da baƙin ciki ya fi cin sa. Shi kansa Foster bai ci moriyar abin ba. Ya mutu a wani asibitin Niyok a Janairun 1864, yana da shekara 37, da santi 38 a aljihunsa. Kuɗin na wajen masu buga takardun waƙa.

Da faifai ya zo, sai kasuwa ta raba abin da a ƙasa a cakuɗe yake. A 1920 Mamie Smith ta yi faifan bulus, wani salon waƙar baƙaƙen Amurka, da baƙaƙen fata suka yi rububin saye, kamfanoni suka farga cewa akwai kuɗi a unguwannin da suka raina. Sai suka buɗe rukuni na musamman, faifan launin fata, don baƙaƙe, da wani rukunin na mutanen ƙauye da tsaunuka don talakawan farare. Mutum ɗaya, Ralph Peer, yana da hannu a duka biyun. Shi ne ya kafa na'urar ɗaukar sauti a garin Bristol na jihar Tennessee a 1927, ya ɗauki Jimmie Rodgers da iyalan Carter, zaman da yau ake cewa a nan aka haifi kiɗan kantiri. Peer ya nemi mawaƙan su kawo masa waƙoƙi masu ƙamshin da, amma waɗanda za a iya yi wa rajista a matsayin sabbi, domin shi ba albashi ya dame shi ba, haƙƙin mallakar waƙoƙin ya riƙe. A wancan lokaci A.P. Carter na yawo ƙauyuka neman tsofaffin waƙoƙi tare da wani baƙar fata makaɗin jita, Lesley Riddle, wanda ke haddace karin. Rodgers ya yi faifai da Louis Armstrong, baƙar fata mai busa ƙaho, a 1930. Hank Williams a hannun wani baƙar fata mai kiɗa a titi, Rufus Payne, ya koyi jita. Duk da haka shagon faifai ya ce wannan kiɗan farare ne, wancan na baƙaƙe, kuma bayan shekara 100 mutane da yawa sun ɗauka haka Allah ya halicce su.

Shekarun da aka fi kewa su ne na 1950, don haka ya kamata a dube su da kyau, wata bi wata.

Ranar 17 ga Mayu 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata. Ranar 5 ga Yuli, mako bakwai bayan hukuncin, wani direban babbar mota ɗan shekara 19, Elvis Presley, ya shiga ƙaramin situdiyon Sam Phillips a Memphis ya rera waƙar da Arthur Crudup, baƙar fata ɗan Misisipi, ya yi tun 1946. A Yulin 1955 kamfanin Chess na Shikago ya fitar da faifan farko na Chuck Berry. Da faifan ya fito sai Berry ya ga sunayen mutum biyu kusa da nasa a matsayin marubuta, ɗaya mai gabatar da shiri a rediyo ne, Alan Freed, wanda aka ba kaso don ya riƙa sa waƙar. Faifan na tsaka da tashe, a ƙarshen Agusta, aka sace Emmett Till, yaro ɗan shekara 14 da ya je hutu Misisipi daga Shikago, aka kashe shi aka jefa a kogi bisa zargin ya yi wa wata farar fata maganar da ba ta dace ba. Uwarsa ta ce a bar akwatin gawar a buɗe duniya ta gani, kuma a kudancin Shikago aka yi jana'izar, ɓangaren garin da kamfanin Chess yake. A Satumba Little Richard ya ɗauki waƙar da ta fito da shi a New Orleans. Kafin a ce kwabo Pat Boone, farar fata mai sanyin murya, ya maimaita ta, tasa ta fi ta mai ita hawa a jadawalin ciniki. Ranar 1 ga Disamba Rosa Parks, baƙar fata, ta ƙi tashi daga kujerar bas don ta ba farar fata wuri a Montgomery. A Afrilun 1956 wasu farare suka haura dandamali a Birmingham ta jihar Alabama suka kai wa Nat King Cole duka yana cikin waƙa, a gaban 'yan kallo farare zalla, domin baƙaƙe sai a zama na biyu aka yarda su shiga.

A zaurukan rawa na kudu igiya ake ja a tsakiya, farare nan, baƙaƙe can, 'yan sanda na tsaye. Mawaƙan zamanin sun sha ba da labarin yadda kiɗa kan yi zafi igiyar ta faɗi, yara su cakuɗe. Abin da ya tayar wa iyaye hankali ke nan. Kiɗan da yau ake sa wa jikoki a matsayin na zamanin kunya da tarbiyya, a lokacinsa limaman coci sun yi huɗuba a kansa, wasu garuruwa sun hana taronsa. A 1957 aka soke shirin talabijin na Alan Freed bayan an nuno Frankie Lymon, matashin mawaƙi baƙar fata, yana rawa da wata farar yarinya.

To yaushe wannan zamani mai hayaniya ya koma zamanin kwanciyar hankali? Amsar na da kwanan wata. A Agustan 1969, a babban taron kiɗa na Woodstock, dab da Jimi Hendrix zai hau, wasu ɗaliban Jami'ar Columbia da suka kira kansu Sha Na Na suka fito da gashi shafe da mai da riguna masu ƙyalli suna kwaikwayon mawaƙan shekarun 1950, rabi wasa rabi gaske. Wasan ya karɓu. A 1971 Don McLean ya fitar da doguwar waƙarsa da ta mayar da haɗarin jirgin saman 3 ga Fabrairu 1959, wanda ya kashe Buddy Holly da Ritchie Valens da Big Bopper a jihar Iowa, ranar da ƙuruciyar Amurka ta ƙare. A 1972 manyan gidajen rediyo a Niyok da Los Angeles suka koma sa tsofaffin waƙoƙi dare da rana. A 1973 George Lucas ya yi fim ɗin American Graffiti da kuɗin da bai kai dala miliyan 1 ba, ya cika shi da tsofaffin waƙoƙi sama da 40, ya kwashi fiye da dala miliyan 100. A 1974 aka fara shirin Happy Days a talabijin, ya shekara 10 ana yi. Labarin shirin a Milwaukee yake, ɗaya daga cikin biranen da wariyar unguwanni ta fi tsanani a Amurka, amma mai kallo ba zai taɓa sanin haka ba.

Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amurkawan da suka rungumi wannan kaya sun fito ne daga kisan John Kennedy da Martin Luther King da Robert Kennedy, da yaƙin Biyetnam da ya ci sojojinsu kusan 58,000, da layin mai na 1973, da abin kunyar Watergate da ya sa Nixon ya sauka a Agustan 1974. Ga kuma yawan masu saye: jariran da aka haifa daga 1946 zuwa 1964 sun kai miliyan 76, kuma masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa abin da mutum ya ji tsakanin balaga da farkon shekaru ashirin shi ya fi manne masa har tsufa. Kasuwa ba ta ƙirƙiri wannan rauni ba, ta dai san inda yake. Aikin da ta yi irin na dilan gwanjo ne: a wanke, a goge, a rataye, mai saye ya ga riga fes, ba ruwansa da wanda ya sa ta ko abin da ya sa ya rabu da ita.

'Yan siyasa ba su bar garaɓasar ta wuce su ba. Ronald Reagan ya yi yaƙin neman zaɓen 1980 da alkawarin dawo da girman Amurka, taken da Donald Trump ya sake ɗauka a 2016. A Satumban 1984 Reagan ya yabi Springsteen a wani gangami a New Jersey a matsayin mawaƙin fata nagari, alhali waƙar da ke tashe a lokacin labarin tsohon sojan Biyetnam ce da ya dawo gida ya rasa aiki. An ji amshi, ba a saurari baiti ba.

Inda lamarin ya fi sarƙaƙiya shi ne kamfanin faya-fayai na Motown, domin a nan mai kamfanin baƙar fata ne, kuma gogewar da gangan aka yi ta tun daga tushe. Berry Gordy ya fara a Janairun 1959 da rancen dala 800 daga asusun danginsa, ya sayi gida a titin West Grand Boulevard na Detroit, ya mayar da garejin situdiyo. Ya taɓa aiki a layin haɗa motoci, kuma bai ɓoye cewa tsarin ya kwaikwaya ba: yaro ya shigo ta wannan ƙofa ba kowa ba, ya fita ta waccan tauraro. Marubuta na ɗaki guda, makaɗa na ƙasa, Cholly Atkins na koyar da taka rawa, Maxine Powell na koya wa 'yan matan da suka taso a gidajen gwamnati yadda ake tafiya, da zama, da fita daga mota, tana gaya musu fadar sarakuna take shirya su shiga. Duk ranar Juma'a a zauna a saurari sabbin faya-fayai a jefa ƙuri'a, tambayar kuma ita ce: in kana jin yunwa, dala ɗaya ce gare ka, faifan nan za ka saya ko abinci? A bangon wasu faya-fayan ma ba a sa hoton mawaƙan ba don kada shagunan kudu su ƙi karɓa; na Isley Brothers na 1966 hoton wasu farare biyu ne a bakin teku.

Ba na ganin laifin Gordy a nan. Ya san ƙasar da yake ciki, kuma ya shigar da muryar baƙar fata ɗakunan da a da ko ta ƙofar baya ba ta shiga. Kamfaninsa ne ma ya buga jawabin da King ya yi a Detroit a 1963 a faifai. Amma wanda ya san Detroit ta bakin waɗannan waƙoƙin soyayya kaɗai bai san ta ba. A shekarun da ake rera su ne aka rushe Black Bottom da Paradise Valley, unguwannin baƙaƙe inda gidajen kiɗan garin suke, aka shimfiɗa babbar hanya a kan titin Hastings. A rangadin 1962 an harbi motar mawaƙan kamfanin a Birmingham. Ranar 23 ga Yuli 1967 'yan sanda suka kai samame wata mashaya a titi na 12, ba nisa da situdiyon, gari ya kama da wuta kwana biyar, mutum 43 suka mutu. Da Marvin Gaye ya zo da waƙar da ke tambayar me ke faruwa, bayan ƙaninsa ya dawo daga Biyetnam da labarai marasa daɗi, Gordy ya ƙi ta da farko. Faifan ya fito a 1971, kuma a jikinsa ne aka fara rubuta sunayen makaɗan situdiyon, Funk Brothers, bayan sun shekara fiye da 10 suna kaɗa kusan duk abin da kamfanin ya fitar. A 1972 Motown ya tattara ya koma Los Angeles. Detroit da ke da mutum miliyan 1.8 a 1950 ta dawo wajen 640,000 a ƙidayar 2020, bayan ta shelanta fatarar kuɗi a 2013.

A 1983 aka yi bikin da aka kira na cikar kamfanin shekara 25 a talabijin, daren da Michael Jackson ya yi rawar nan ta zamewa da baya da duniya ba ta manta ba. An ruwaito cewa James Jamerson, makaɗin jitar bes da yatsansa ke ƙarƙashin yawancin waƙoƙin da aka yi bikin dominsu, tikiti ya saya a hannun 'yan bayan fage ya zauna can sama cikin 'yan kallo. Ya mutu a watan Agustan shekarar. Florence Ballard, wadda da ita aka kafa ƙungiyar mawaƙa mata ta Supremes, ba ta ma kai ba: an cire ta a 1967, ta koma karɓar tallafin gwamnati, ta rasu a 1976 tana da shekara 32. Gordy ya sayar da kamfanin a 1988 a kan dala miliyan 61.

Wannan ya kawo mu ga maganar kuɗi, wadda ita ce ƙashin bayan zancen. A dokar Amurka waƙa kashi biyu ce: rubutun, da sautin da aka ɗauka. Gidajen rediyon AM da FM suna biyan marubuci da kamfanin da ke riƙe da rubutun, amma ba sa biyan wanda ya rera ko sisi, har gobe. Saboda haka shekara 50 da aka yi ana sa tsofaffin waƙoƙi a rediyo, mai muryar bai ga komai ba sai in shi ya rubuta kuma bai sayar ba. Waƙar da aka fi sanin Aretha Franklin da ita, ta 1967, Otis Redding ne ya rubuta, don haka kuɗin rediyo ɓangarensa yake tafiya. Little Richard ya sha faɗin cewa dala 50 aka ba shi a kan haƙƙin waƙar da ta fito da shi. Arthur Crudup ya koma aikin gona da jigilar leburori, ya mutu a 1974 yana bin bashin haƙƙinsa. Ruth Brown, wadda faya-fayanta suka tsayar da kamfanin Atlantic da ƙafafunsa a farkon shekarun 1950, ta yi aikatau da tuƙin motar 'yan makaranta, kamfanin kuma na cewa ita ce ma ake bi bashi. Sai da ta samu lauya, aka kai ruwa rana, kafin a 1988 Atlantic ya sake lissafi ya kuma ba da kuɗin kafa gidauniyar tallafa wa tsofaffin mawaƙa.

Ba kullum launin fata ne ke raba mai ci da wanda aka ci ba. Wani lokaci girman kamfani ne. Jim Stewart, farar fata mai kamfanin Stax a Memphis, inda baƙaƙe da farare ke kiɗa a ɗaki ɗaya, ya farka a 1968 ya tarar cewa takardar da ya sa wa hannu a 1965 ta mallaka wa Atlantic duk faya-fayan da aka rarraba masa. Wannan ya zo ne watanni kaɗan bayan Otis Redding ya mutu a haɗarin jirgi, a kuma shekarar da aka harbe King a otal ɗin Lorraine, inda mawaƙan Stax kan je su huta su yi rubutu saboda nan ne ake karɓar su tare. Kamfanin ya durƙushe a 1975, aka rushe ginin a 1989, sannan a 2003 aka sake gina irinsa a filin aka mayar gidan tarihi, ana karɓar kuɗin shiga. Su kuwa manyan kamfanonin da suka haɗiye ƙanana, ko ajiyar kirki ba su yi wa abin ba. Gobarar da ta tashi a rumbun Universal a 2008 ta cinye ainihin kaset-kaset na asali masu ɗimbin yawa, har da na Chess, kuma jama'a ba su san girman asarar ba sai da jaridar New York Times ta tono a 2019, kamfanin na musanta adadin. Sautin da aka ɗauka kafin Fabrairun 1972 kuwa bai samu kariyar dokar tarayya ba sai 2018. Da yawa daga masu muryoyin sun riga mu gidan gaskiya kafin nan.

A yi adalci: kewar ta yi rana. Samarin farare masu tara tsofaffin faya-fayai ne suka bi sawu har suka gano Mississippi John Hurt a ƙauyensu a 1963, da Son House a Rochester a 1964, tsofaffin da suka yi faifai wajen 1930 aka manta da su, suka dawo da su dandamali suka ci 'yar gajiyarsu kafin mutuwa. Rolling Stones na Ingila sun je situdiyon Chess a 1964 kamar masu ziyara, kuma a 1965 suka dage sai an sa Howlin' Wolf, baƙar fata mawaƙin bulus, a shirin talabijin ɗin da aka gayyace su. Baƙaƙen Amurka ma na da tasu kewar, wadda ba ta share igiya daga hoton ba. Matasan hip-hop sun tono faya-fayan iyayensu, na James Brown da ire-irensa, suka gina sabon kiɗa a kai. Bambancin shi ne tsakanin mai waiwaye don ya nemo mutumin, da mai waiwaye don ya samu wurin ɓuya.

Mu ma nan muna da kaso a cikin abin. Wanda ya tashi a biranen Najeriya a shekarun 1970 da 1980 ya san muryar Jim Reeves da Don Williams da Dolly Parton da Kenny Rogers a rediyo da shagunan kaset, kuma har yau akwai dattawan da in aka sa su sai su yi shiru. Ba abin mamaki ba ne: waƙoƙi ne masu natsuwa, kalmomin na fita ɗaya bayan ɗaya, zancen gida da uwa da alkawari da Ubangiji, na mutumin da ya baro ƙauye yana birni. Dattijon da ke jin su ba Tennessee yake kewa ba, ƙuruciyarsa yake kewa da zamanin da albashi ke kai wata. Wannan halal ɗinsa ne. Sai dai kunshin da ya iso mana an riga an tace shi, shi ya sa da yawanmu muka ɗauka kantiri kiɗan farare ne tsantsa, ba mu taɓa jin sunan DeFord Bailey ba, baƙar fata mai busa da ke cikin taurarin farko na shirin rediyon kantiri na Grand Ole Opry a Nashville, wanda aka sallama a 1941 ya koma goge takalma.

Rigimar ba ta mutu ba, domin wanda ya mallaki jiya shi ke cewa wa ya cancanci shiga yau. A Maris na 2019 mujallar Billboard ta cire waƙar Lil Nas X, matashin mawaƙi baƙar fata, daga jadawalin kantiri, wai ba ta da isassun siffofin kiɗan. Waƙar ta je ta yi mako 19 a saman babban jadawalin ƙasar. A Fabrairun 2024 Beyoncé, 'yar Texas, ta zama baƙar fata mace ta farko da ta hau saman jadawalin waƙoƙin kantiri, da banjon Rhiannon Giddens a farkon waƙar. Ƙungiyar masu kiɗan kantiri ta Nashville ba ta sa sunanta a ko rukuni ɗaya na kyaututtukanta na shekarar ba. A Fabrairun 2025 ta lashe kyautar Grammy ta kundin kantiri da ta kundin shekara baki ɗaya. Bayan wata huɗu masu shirya Grammy suka sanar cewa daga 2026 kyautar kundin kantiri ta rabu biyu, ɗaya ta na zamani, ɗaya ta na gargajiya.